Sunan da Na Rubuta a Kan Furosesa

Ba zan faɗi sunana ba, saboda mahaifiyata tana raye kuma ta sha kuka isasshe. Mutanen Kura da Bunkure da suka san labarin za su gane ni tun daga layin farko. Ba su nake rubuta wa ba. Ku nake rubuta wa, samarin da kuke cika gidajen gem kuna wasan kwamfuta bayan la'asar.

Kafin in zama ɓarawo ni ɗan manomin rani ne. Mahaifina yana da gona a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, yana yin albasa da tumatir. Ni kuwa tun ina sakandare hannuna ba ya son fartanya. Idan aka tura ni ban-ruwa sai in zauna a gindin mangwaro da littafin soyayya na haya, har ruwa ya cika fangali ya ɓalle ban sani ba. A cikin littattafan nan saurayi kullum yana da ofis mai sanyi, yana saukowa daga mota ana kallonsa. Na sa wa raina cewa ni ma haka aka rubuta min, zamana a gona kuskure ne da za a gyara.

Da Baba ya gaji da ni sai ya kai ni Kano na koyi gyaran kwamfuta. Da na dawo ya sayar da albasarsa ta shekara ya kama min shago kusa da tashar Kura. Kwamfuta ɗaya ce, da ƙaramin janareto da benci biyu. Da safe in yi gyara, da yamma samari su zo su buga ƙwallo a kwamfuta. Tun daga lokacin aka lanƙaya min Injiniya, ni kuma na amsa da ƙirji a buɗe.

A shagon na haɗu da Rabi. Ita ce mai buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoman rani a Bunkure. Babban aikinta shi ne buga jadawalin rabon ruwa, wato takardar da take nuna ranar da kowane layin gonaki zai buɗe ruwa daga kanal, a manna ta a ƙofar ofis. Mahaifinta ya rasu, da aikin nan take riƙe mahaifiyarta da ƙannenta. Ta zo neman wayar firinta, ta tafi da hankalina gaba ɗaya.

Wata rana ta tarar na kwance kwamfutata ina share ta. Na cire fanka, na ɗago wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai kai akwatin ashana ba, na nuna mata.

Na ce, "Wannan shi ne furosesa. Shi ne zuciyar kwamfuta, duk tunaninta a nan yake."

Sai na ɗauki allura na rubuta sunanta a bayansa, harafi huɗu, na zana fure a gefe.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Injiniya, samari suna kai wa 'yan mata turare da atamfa, ni kuma an cusa ni cikin inji. To ka dai kula, kar ka ƙona ni."

Na shafa farin man da ake sawa tsakanin furosesa da fanka don rage zafi, ya rufe sunan ruf, na mayar da komai. A ranar ji nake babu marubucin da ya taɓa ƙirƙiro soyayya kamar tawa.

Bayan wata biyar sabon gem na ƙwallo ya shigo. Na sa shi a kwamfutata, sai ya ƙi tafiya. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya tsaya cak, sai can ya farka ƙwallo tana raga. Samari suka sa ni gaba.

"Injiniya, 'yan wasanka azumi suke yi ne?"

"Kai, golan nan amosanin gaɓɓai gare shi, a kai shi asibiti!"

Na taya su dariyar yaƙe. Cikin mako biyu rabinsu suka koma wani sabon shago da aka buɗe a tsallaken titi.

Na hau mota na tafi Kano wurin maigidana da ya koya min aiki, Oga Sani. Ya sa na faɗa masa irin madabod ɗina, wato babban allon da furosesa yake zama a kai. Ya zuba min furosesa uku a kan tebur. Nawa mai gudun ɗaya da ɗigo bakwai ne. Ya nuna min wani na gwanjo mai biyu da ɗigo huɗu, da wani mai biyu da ɗigo takwas, da wani sabo fil wanda ƙafafunsa ma ba irin na allona ba ne.

Ya ce, "Wancan sabon manta da shi, ba zai shiga ba sai ka sauya allo. Wannan mai biyu da huɗun ya ishe ka. Ka ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta take riƙe aiki da ita, ka wanke fanka, gem ɗinka zai tashi da gudu."

Na ce ni mai biyu da takwas nake so, domin shi ne a shagon tsallake.

Ya dube ni ya ce, "Gem kake so ya yi tafiya, ko so kake a ce kai ne? Je ka jira tumatir ɗin babanka ya nuna, ka dawo ka ɗauki wanda ya dace da kai."

Wata biyu ne kawai ya rage a fara ɗiban tumatir. Na sha lissafa wannan a gidan yari. Wata biyu na kasa jira, na yi shekara biyu a ɗaure.

Da ƙaramin abu na fara. Wani malamin makaranta ya kawo kwamfutarsa gyara, na ga ram biyu a ciki, na zare ɗaya. Na ce a raina wasiƙa kawai yake bugawa, ɗaya ma ta yi masa yawa. Ya zo ya karɓa, har ya sa min albarka. Da na ga babu abin da ya faru sai tsoron ya fita daga raina.

Ba a yi kwana goma ba Rabi ta sauko daga babur da kwamfutar ofis a naɗe cikin zani. Ofishinsu yana kusa da injin casar shinkafa, ƙaiƙayi ya cika kwamfutar. Ta ce shugabansu Alhaji Garba ya so a kai Kano, ita ta ce a'a, tana da wanda ta yarda da shi. Ta wuce kasuwa ta ce za ta dawo bayan azahar.

Na buɗe, na cire fanka. Mai biyu da ɗigo takwas ne, ƙafafunsa irin na allona sak.

Na daɗe a tsaye. Na ce jadawalin ruwa ba ya bukatar gudu. Na ce aro ne, da an ɗebi tumatir zan mayar. Na ce ai idan shagon ya bunƙasa ita zan aura, amfanin nata ne. Duk ƙaryar da mutum zai yi wa kansa na yi ta a cikin minti goma. Na cire nawa na sa a tasu, na sa nasu a tawa. Don sauri ban goge tsohon man da ya bushe a bayan nawa ba, ban kuma shafa sabo ba. Na ɗora fanka a kai haka nan na ɗaure. Wallahi ko kaɗan ban tuna abin da yake ƙarƙashin man nan ba.

Da yamma gem ya tashi kamar iska. Samari suka dawo suna ihu, "Injiniya ya yi wa 'yan wasansa allura!" Na kwana ina jin ni wani ne.

Da zafin bazara ya kankama sai kwamfutar ofis ta fara mutuwa da kanta. Busasshen man nan ba ya kai zafi wurin fanka. Ta mutu sau uku a makon da ake jiran sabon jadawali, lokacin da ruwa ya ja baya kowa idonsa yana kan kanal. Takarda ba ta fito ba, layi biyu suka buɗe ruwa rana ɗaya, har aka ɗaga wa juna fartanya. Alhaji Garba ya kirawo mai gyara daga Kano. Mutumin ya buɗe a gaban 'yan kwamiti, ya ce wannan ba furosesan kwamfutar nan ba ne, an sauya. Ya sa tsumma ya goge bayansa don ya karanta lamba. Sai ga suna da fure.

Washegari da hantsi Rabi ta zo shagona. Ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

Ta ce, "Sun ce ni na sayar, na sa wanda na yi wa alama. Na ce na kai shara Kura, sun ce in faɗi wurin wa. Ban faɗa ba tukuna. Gobe bayan la'asar za su zauna. Ka zo da bakinka ka faɗa, ka mayar musu da kayansu. Alhaji mutum ne mai sauƙi."

Na ce, "Zan zo."

Ta ce, "Ka rantse."

Na rantse. Washegari na rufe shago na hau motar Zariya, na yi kwana shida a ɗakin wani abokina.

Ta zauna a gabansu ita kaɗai. Har aka tashi ba ta ambaci sunana ba, tana ta duban ƙofa. Aka sallame ta daga aiki. Ba su kai ta wurin 'yan sanda ba saboda darajar mahaifinta, amma a Bunkure kowa ya ji cewa 'yar marigayi ta saci kayan manoma.

Bayan wannan ban ƙara jin nauyin komai ba. Duk kwamfutar da ta shigo shagona sai ta fita da rashi. Na fara bin makarantu ina cewa zan yi musu shara kyauta. A wata makarantar kuɗi da ke Garun Mallam dubuna ta cika. Malamin da yake kula da ɗakin ya rubuta lambar kowane furosesa a littafi tun ranar da aka sayo su. Aka kama ni da guda huɗu a aljihu, naɗe cikin takarda. Alƙali bai ɓata lokaci ba.

Sau ɗaya Baba ya zo gani na a gidan yari. Ya tsufa a cikin 'yan watanni. Ya ajiye min ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ce, "Tun kafin a haife ka nake ban-ruwa. Na sha kallon albasata tana yaushi ruwa yana wucewa ta gabana, ban taɓa buɗewa a ranar wani ba. Ban san inda ka koyo wannan ba." Ya tashi ya tafi. Ya rasu saura wata huɗu in fito.

A can na daina tunanin mota da ofis mai sanyi. Abu ɗaya na riƙe: hukuncin satar da na yi a makaranta nake yi, amma na Rabi ba a taɓa yanke min ba, ita ce take ɗauke da shi. Na ƙudura cewa ranar da na fito, kafin in nemi aiki, kafin in yi aski, sai na je wannan zama da na gudar wa.

Na fito ranar Talata. Ranar Alhamis 'yan kwamiti suna zaune a kan tabarma a ƙofar ofis na yi sallama na durƙusa. Na faɗi komai tun daga allura har motar Zariya. Wani dattijo ya miƙe yana cewa a kore ni. Alhaji Garba ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Me kake nema a wurinmu yanzu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don kaina na zo ba. A rubuta cewa Rabi ba ta ɗauki komai ba, a sa sunana a matsayin ɓarawon, a manna a inda ake manna jadawalin ruwa."

Aka rubuta, na sa hannu. Takardar ta yi wata guda a ƙofar nan, duk wanda ya zo duba ranar ruwansa sai ya karanta. Alhaji ya shiga ciki ya ɗauko furosesan nan mai sunan Rabi daga durowa ya miƙa min, ya ce ba su da amfani da shi.

Rabi ta riga ta yi aure, tana Kano tana koyar da buga takardu. Ban nemi ganinta ba, ba ni da wannan hurumin. Mahaifiyarta na je na durƙusa wa. Bayan mako guda ta aiko a kira ni, ta ce, "Rabi ta ji. Ta ce ta yafe maka don Allah. Ta kuma ce ka goge sunanta."

Na sayi sanfefa na zauna a bakin kanal ɗin gonarmu ina gogewa. Allurar ta shiga da zurfi fiye da yadda na zata. Sai da yatsuna suka yi jini kafin harafin ƙarshe ya ɓace.

Yanzu da safe ina gonar Baba, da yamma ina ɗan gyara a rumfa. Ba na buɗe kwamfutar kowa sai mai ita yana tsaye, in karanta masa lambar kowane abu ya rubuta da hannunsa. Wasu har yau ba sa kawo min, kuma ban ga laifinsu ba. Ba zan bar garin nan ba sai na maye gurbin shekarun da na ɓata da waɗanda za a shaide ni da alheri a cikinsu.

Kai da gem ɗinka yake tsayawa, abokai suna yi maka tsiya, ka saurare ni. Ka duba abin da allonka zai ɗauka, ka zaɓi wanda ƙarfinka ya kai, idan bai kai ba ka jira. Tsiyar abokai ba ta wuce magariba. Kada ka taɓa abin da aka ba ka amana ko da kana ganin mai shi ba zai taɓa lura ba, domin wanda zai biya ba kai ne na farko ba, wanda ya tsaya maka ne.

Furosesan yana kan teburina, bayansa fari tas. Samari sukan ɗauka su juya su ce, "Injiniya, wannan wane iri ne, ko lamba babu?" Sai in ce su ja benci su zauna.