Saja Japhet da Kuɓewar Theresa

Maƙwabcina Japhet ya bar aikin soja a 2004, ya dawo Zuru da niyyar noman rani. Tun muna yara a makarantar mishan na san shi: in ya ƙudurta abu, ba ya sauraron kowa.

Turakun lantarki sun daɗe a tsaye a unguwarmu ba waya, har mata sun mayar da su wurin ɗaure awaki. Japhet ya ce shi ba zai jira ba. Ya sayo allunan sola huɗu da famfo, ya shuka tumatir a fadamar bayan gidansa. Don tsoron ɓarayi ya kafa allunan a tsakar gida, ya ja waya zuwa rijiyar lambu.

Da farko ruwa ya yi ta bulbula. Daga baya, da hantsi ya yi sai famfon ya dinga tari kamar tsohon jaki, ya tsaya. Tumatir ya fara yaushi. Japhet ya kwance famfon, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Ya zagi mai shagon da ya sayar masa. Na ce ya duba allunan, ya ce, “Malam, kai alli ka sani. Kullum da safe ina goge su da hannuna.”

Gaskiya ne yana gogewa. Sai dai daga nan lambu yake wucewa, ba ya dawowa sai yamma.

Wata rana zazzaɓi ya koro shi gida da rana tsaka, ina zaune ƙofar gidana na ji ihu. Na shiga na tarar da allunan huɗu shimfiɗe da yankakkiyar kuɓewa, matarsa Theresa tana juya ta.

“Maman Praise! Kin kashe mini lambu!”

“Wane lambu? Ni shanya nake yi. Ka kafa abu mai tsabta, akuya ba ta kaiwa, ka ce kada a taɓa?”

“Rana yake sha!”

“To kuɓewar fa, wata take sha? Da damina miyar me za ka ci, Baban Praise, miyar waya?”

Na yi musu bayani dalla-dalla yadda nake yi wa ’yan aji, babu wanda ya dube ni. Japhet ya kafa mata rumfar kwano, ta ce kwano yana ƙona kuɓewa. Mutumin da ya yi wa kurata tsawa shekaru da dama, a ƙarshe shi ya sauko: ya cire allo ɗaya ya ba ta.

Ukun da suka rage ba sa iya shayar da lambun duka, sai ya bar tumatirin gefen gabas ya bushe, sauran suka yi ’ya’ya. Har yau allon na huɗu yana tsakar gidan, ba waya a jikinsa. Jiya da na leƙa, barkono ne a kai.