Lulluɓin Farantin Sola

Duk ƙauyenmu, nan gefen Sokode, babu wanda ya tsani rana irin Abiratu mai man kaɗe. Shekara arba'in tana naɗe mai a ganye tana kaiwa kasuwa, kuma shekara arba'in tana gudun rana da shi don kada ya narke. Inda inuwa ta matsa, nan tirenta zai matsa. Ni Muniratu da nake sayar da wagashi, wato cukun nono, kusa da ita, sau biyar nake tashi a yini don kada in rasa abokiyar hira, ina tsaki tana yi kamar ba ta ji ba. A gidanta ma haka ne, duk abin da take so a lulluɓe yake, har rediyo.

Mace ce mai tafiya a zaune. Tana cikin dama mai sai ka ga hannun ya tsaya, idon ya wuce bayan duwatsu. Na san inda take zuwa: Gabon, wurin Sirina, 'yarta ɗaya tilo, wadda ta bi miji can shekara shida ke nan. Abiratu ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta gina wa Sirina gida a ranta, dab da bakin ruwa, mai shuɗiyar ƙofa, har da akuya biyu a tsakar gida. Wani lokacin takan ba ni labarin akuyoyin, ni kuma in tambayi lafiyarsu.

Bana Sirina na da ciki, bayan ɓari biyu, kuma watan haihuwa ya kama. Wayar da ta aiko wa uwar kuwa sai ranar kasuwa take samun caji, ta yi kwana biyu ta mutu. Shi ya sa da aka ce gwamnati ta cire haraji a kan kayan sola, za ta kuma ɗauke wa mutanen ƙauye wani kaso na kuɗin, Abiratu ce ta fara dangwala yatsa. Matar da ko takalmi sai ta shekara tana shawara! Esoham mai haɗa wuta ya zo ya kafa farantin a kan 'yar rumfar girkinta, ya nuna mata inda za ta soka waya, ya hau babur ya tafi.

Kwana biyu abin ya yi aiki, daga nan ya ɗauke ɗif. Wayar ma ta bi shi, ga ranar kasuwa da saura. Abiratu ta daina dama mai, ta daina cin abin kirki, sai ta zauna da waya a cinya tana shafa ta. Tausayinta ya cika ni, haushin Esoham kuma ya fi tausayin yawa. A kwana na huɗu da mutuwar wayar na aika aka kira shi, na tare shi tun daga ƙofa.

"Kai Esoham, ka ji tsoron Allah! Tsohuwa za ka kafa wa gwangwani ka gudu?"

"Haba Yaya Muniratu, bari in duba mana kafin ki cinye ni ɗanye."

Ya zagaya bayan ɗaki, ya ɗaga kai, sai ya riƙe baki. Atamfa ce shimfiɗe a kan farantin, an danne ta da duwatsu huɗu.

"Iya," in ji shi, "wa ya yi wa sola lulluɓi? Amarya ce?"

"Ni ce," in ji Abiratu. "Na taɓa shi da azahar, zafi kamar gindin tukunya. Abu mai daraja haka ka bar wa rana ta dafa? Da safe nake rufe shi, in ta faɗi in buɗe ya sha iska."

"Iya, ai ranar ce abincinsa! Azumi kika sa shi."

Na yi dariya har da hawaye, Esoham ma haka. Abiratu ba ta yi ba. Ta dube mu, ta dubi wayar.

"Ashe ni ce na kashe ta," ta ce a hankali.

Ita da kanta ta taka kujera ta janye atamfar. Ta ƙi shiga inuwa, ta tsaya nan tana kallon farantin yana sheƙi, gumi na bin wuyanta. Na ce ta zo ta zauna, ta ce a'a, tana so ta ga yadda yake ci.

Da la'asar wayar ta farka. Saƙon murya biyu ne daga Sirina, ni na danna mata. Na baya-bayan nan muka fara ji: kukan jariri, lafiyayye, da muryar mijin yana cewa an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. Na rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Abiratu ta ɗaga hannu ta yi hamdala, sannan ta ce in sa mata ɗayan.

Na kwana uku da suka wuce ne. Muryar Sirina ce da kanta.

"Inna, ya fara. Inna, tsoro nake ji. Ki ɗauka mana, Inna."

Na so in kashe, ta riƙe hannuna. Ta ce in sake sawa. Ta manna wayar a kunne, ta rufe ido, kanta na ɗan kaɗawa.

"Ga ni, Sirina," ta ce. "Ga ni nan, 'yata. Sake sa min, Muniratu."