Sabon Shasi a Ƙarƙashin Motar Baban Maigida

Ranar da aka sauke akwatin a ƙofar garejinmu, sau uku na zagaya shi kafin in bari a buɗe. Shekarata shida a Riyadh ina buga ƙofofin motocin haya da aka goge, in shafe, in fesa fenti, gobe ma haka. Sai ga aikin da nake mafarki tun ina Kano ya iso har inda nake. Aka ɓare katakon, ga shasi baƙi wul yana sheƙi, waldarsa tsaf ba ko ƙurji. Wallahi sai da na shafa shi da tafin hannu.

Motar ta maigidana ce, wani dattijon Balarabe mai garejin, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar. Gadon mahaifinsa ce, doguwa mai ruwan ƙasa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta daɗe a lulluɓe a gidansu na unguwar Nasiriya. Irin motocin nan ne da aka ƙera jiki da ƙasa a haɗe, ba su da shasi na daban, wato gadon ƙarfen da mota ke zama a kai. Shekarun da ta yi a bakin teku kafin a kawo ta Riyadh sun bar mata tsatsa, ƙasanta duk ya ruɓe. Magani ɗaya ne: a yanke ƙasan gaba ɗaya, a ɗora jikin a kan sabon shasi. 'Ya'yansa sun so a kai wa wasu ƙwararru. Ni da bakina, da kaudin da ba ya barina, na ce zan iya.

Maigida ya dube ni, sannan ya ce da Larabci, "Ya mu'allim, ita kaɗai ce. Idan ta lalace babu wata."

Na ce, "Mafi mushkila, Baba," wato ba matsala.

Sati biyu na yi ina shiri. Na ɗora jikin a kan jakunan ɗaga mota guda huɗu, na auna tsayin kowanne daga ƙasa da tef, duk ɗaya. Na yi wa cikin motar katanga da bututun ƙarfe, na kama da walda, don kada bakin ƙofofi ya motsa in an cire ƙasan. Sannan na ɗauki injin yanka. Ban taɓa jin daɗin tartsatsin wuta kamar na ran nan ba. Da ruɓaɓɓen ƙasan ya faɗo, na leƙa ta taga na ga siminti, sai na kama dariya ni kaɗai. Na yi sabon ƙasa, na huda ramuka takwas daidai yadda takardar shasin ta nuna.

Ranar Alhamis da hantsi muka turo shasin da tayoyinsa ƙarƙashin jikin, muka ɗaga shi a hankali har suka haɗu. Ƙusoshi bakwai suka shige sumul, ina ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Ta takwas, ta baya ta dama, ta ƙi. Ramin ya kauce da kamar rabin faɗin yatsa, kuma jikin bai zauna daidai a wurin ba.

Na auna, na sake aunawa, tef ya ce ni ke da gaskiya. Raina ya ɓaci. Duk wanda ya koyi wannan sana'a a gida ya san abin da muke yi: a ƙara wa rami faɗi da wuta, a sa washa, wato zoben ƙarfe mai kauri, a ɗaure, shi ke nan. Sau ɗari na yi haka a motocin mutane. Na san kuma in na yi a nan, jikin zai ɗauru a murɗe, bayan wata shida ƙofa ta fara gardama, gilashin baya ya tsage. Duk da haka na jawo tocilan gas, har na ƙyasta.

A daidai nan abokina ya shigo. Bazazzagi ne, magini, ɗakinmu ɗaya a unguwar Utaiqa, ya biyo ne mu je cin abinci.

Ya ce, "Kai Bakano, me za ka ƙona da rana tsaka?"

Na ce, "Tafi can, wannan ba jera bulo ba ne."

Bai kula ni ba. Ya durƙusa ya kalli jakunan, ya kalli simintin, ya ce, "Daga ina ka auna tsayinsu?"

"Daga ƙasa mana."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa ya ce maka ƙasan nan daidai take? Ba ka ga magudanar ruwa a lungun can ba? Mu muke zuba irin daɓen nan, da gangan muke kwantar da shi."

Ya fita zuwa motarsa ya dawo da siririn tiyo fari, wanda ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa. Ya ba ni baki ɗaya na riƙe a jikin motar ta gaba, shi ya zagaya da ɗayan kusurwa kusurwa, yana sa alama da alli inda ruwan ya tsaya. Uku suka zo ɗaya. Ta baya ta dama ta yi ƙasa. Jakin da ke kusa da magudana ya yi ƙasa saboda gangaren daɓen, jikin motar ya bi shi ya ɗan murɗe.

Na kashe gas ɗin da sauri. Muka sassauta ƙusoshi bakwai ɗin, na ɗaga kusurwar kaɗan kaɗan, shi yana kallon ruwa yana cewa, "Shuwayya, a hankali, ƙara, ƙara, tsaya!" Na zura ƙusa ta takwas da yatsu biyu, ta faɗa da kanta. Na yi wani ihu da sai da ma'aikatan garejin maƙwabta suka leƙo. Na rungume Bazazzagin nan, na ce yau shinkafar kabsa da nama a kaina. Ya ce da ma Kanawa sai an nuna musu hanya, na ƙyale shi ya ci bulus.

Sai da aka ƙara wata biyu kafin inji da birki da kujeru su koma. Ranar da na gama, bayan la'asar, maigida ya zo cikin farar riga. Ya zagaya motar, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya sunkuya ya leƙa ƙasa duk da ciwon gwiwarsa. Ni ina gefe, murna ta hana ni tsayuwa wuri ɗaya. Na miƙa masa makulli.

Ya mayar mini da hannuna. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya zauna a tsakiyar kujera, ya dafa kujerar direba da hannu biyu.

Ya ce, "Kai za ka tuƙa, ya mu'allim. Ni nan ne wurina tun ina yaro."

Na tayar da ita. Ta madubi na ga yana share ido da gefen mayafin kansa, sai na kawar da kai, na sa giya muka fita titi.