Rodi Takwas

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara na gama karatun gini a Kwalejin Fasaha ta Kaura Namoda, kaina ya yi girma kamar kabewa. Mutanen ƙauyenmu, can bayan Sakajiki, suka tashi gina Islamiyya ta siminti, aka ce ɗan gida ya lissafa rodin da harsashin zai ci. Kyauta na yi, ina ta rawar jiki.

Filin laka ne, ya kumbura da damina, ya tsage da rani. Na auna ramin harsashin, na ƙara na kusurwoyi da ƙafafun ginshiƙai. Na kuma ƙara na haɗi, domin rodi ba a sumbatar da bakinsa da na ɗan'uwansa. Sai wannan ya hau kan wancan kamar kamu guda, a ɗaure da waya. Lissafi ya ba ni arba'in da takwas.

Baffana, wan mahaifina, shi ne shugaban kwamitin gini. Ya ɗauki igiyar rijiya ya zagaye ramin, ya gwada ta da tsawon rodi guda, ya samu arba'in cif. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, ya kira ni gaban jama'a.

"Yaro, mun auna, arba'in munka gani. Takwas ɗin ga, gidan wa za su?"

Na ce, "Baffa, na haɗi ne." Na tsuguna ina zana masa a ƙasa.

"Boko ke nan," in ji shi. "Ka kiyayi hannunka, zamani ya sake."

Aka yi dariya. A shekarar da kowa ke zancen hannun ɓarawo, wannan ba wasa ba ne. Aka karɓe aikin, aka jera rodi arba'in baki da baki, aka zuba kankare ya rufe komai. Ni kuwa na zama Mai Takwas, har a bakin matan da ba su taɓa ganin rodi ba.

Duk wannan da sauƙi. Da muka koma gida mahaifina ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba.

"In wani ya sa ka, hwaɗa mani. Ni ubanka na, ina ruhe maka asiri."

Na rantse. Ya ce to, yana kallon tabarma. Wannan "to" ɗin har yau yana ci mini rai.

A damina ta uku bangon gabas ya tsage tun daga ƙasa har taga, hannu na shiga. Mutanen suka ce ƙaddara ce, suka liƙe da siminti, kuma duk shekara sai sun sake liƙewa. Babu wanda ya zo ya ce mini komai, ban kuma damu da su ba. Mutum ɗaya nake so in kama hannunsa in kai shi gaban bangon nan: mahaifina. Shi kuwa a damina ta biyu muka binne shi.