Lacca a Kan Amurkawa, Kunya a Kaina

Akwai wata Alhamis a Madina wadda har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ita ba. Shekaru sun shuɗe, amma duk sa'ad da ta faɗo mini a rai sai in ji jikina ya yi sanyi, ko da kuwa ina tsakiyar raha da mutane.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata ƙaramar makarantar koyon harsuna a unguwar Aziziyya. Adabi na karanta a gida Najeriya, digirina na biyu kuma a kan ƙagaggun labaran Amurka na yi shi, don haka ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ɗalibaina magidanta ne, ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, kowa Ustaz yake ce mini, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan gari mai faɗa a ji a wata kwaleji. Ya taɓa ce mini suna neman malamin Turanci, in ya ga kamun ludayina zai sa baki. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, saboda haka wannan aikin shi ne tunanina safe da yamma.

Da shugaban makarantar ya ce in gabatar da lacca bayan la'asar, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na zaɓi abin da na fi ƙwarewa a kai: buri, tsoro da bambancin matsayi a adabin Amurka. Na sa a goge mini farar jallabiya har tana ɗaukar ido.

Gaskiya na yi rawar gani. Na ce musu a yawancin labaran nan za ka tarar da ɗan talaka mai dogon buri, mai karatu ya ɗauka kwaɗayin dukiya ne ke jan sa. Ni kuwa na ce buri yana gaba ne kawai, tsoro ne ke tunkuɗo shi daga baya, tsoron kada masu hali su gano inda ya fito. Shi ya sa marubutan suke cika shafuka da zancen takalmi, da lafazi, da yadda ake riƙe cokali a wurin walima. Kuma laifin ɗan talakan nan na farko ba sata ba ne, ba kisa ba ne, kawar da kai ne daga wani nasa a gaban baƙi. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko irin wannan mutum mugu ne. Na gyara tabarau na ce, "Matsoraci ne. Mu da muka tashi cikin zumunci ma da wuya mu fahimce shi." Aka tafa mini, dattijon nan yana ta gyaɗa kai.

Muka fito ƙofa, mutum biyar ko shida suna kewaye da ni, dattijon yana riƙe da hannuna yana tambayar yaushe zan kawo takarduna. Sai na ji murya daga bakin titi.

"Babana! Babana!"

Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Sunan kakana aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini tun ina zanin goyo. Ta fi shekara goma sha biyar tana aikin wanke-wanke da shara a wani gida a unguwar Bani Harisa, kuma ita ce ta tarbe ni ranar da na sauka garin. Ashe ta ji labarin laccar, ta roƙi uwar ɗakinta rabin yini, ta yi mini dambu. Ga ta nan tsaye da abaya da ta koɗe, da silifas na roba, da ƙullin leda a hannu, tana dariya har kunne.

"Babana, an gama? Tun ɗazu nake nan, na ce bari gwaggonka ta zo ta ga malaminta."

Duk suka juya suna kallonta, sannan suka kalle ni. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Ban yi shawara da zuciyata ba, ban auna komai ba. Bakina ne kawai ya buɗe, na ji na ce da Larabci, "Allah yisahhil lik, ya hajja." Allah ya sauwaƙe miki, Hajiya. Duk wanda ya zauna a garin ya san wannan ita ce addu'ar da ake sallamar mai bara da ita.

Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta dube ni, ta dubi mutanen, ta dubi silifas ɗinta. Ta ajiye ledar a gindin bango a hankali, ta ja mayafinta, ta juya. Ni kuwa na ci gaba da zancen takardu.

Sai dattijon ya saki hannuna. Wata shida ina koyar da mutumin nan, ban taɓa jin komai daga bakinsa ba sai Larabci da guntun Turanci. Ya matso kusa da kunnena, ya ce da wata Hausa mai nauyi, irin ta wanda ya daɗe bai taɓa ta ba, "Ustaz, ta ce ita gwaggonka ce."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya koma Larabci ya ce kakarsa daga ƙasar Hausa ta zo da ƙafa, kuma wanki ta yi wa mutane har ta tsufa, a hannunta ya ji Hausa. Sannan ya ƙara da cewa, "Laccarka ta yi kyau. Ni dai na ɗauka labarin Amurkawa kake ba mu." Ya yi sallama ya shiga motarsa.

Na ɗauki ledar na bi ta da gudu, jallabiyar tana harɗe ni. Na cim mata a bakin wani kanti tana jiran mota. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, ko hannu ta ɗaga don mari da na miƙa kumatu. Na durƙusa a kan titi na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, don girman Allah."

Ta kama kafaɗata ta ce, "Tashi, za ka ɓata rigarka. Ai laifina ne, Ustaz. Ban yi tunani ba na zo maka da kayan aiki a jikina a gaban manyan mutane. Allah dai ya sa ban ɓata maka lamari ba."

Wannan ya fi mari ciwo. Ba gatse take yi ba, har zuciyarta take nufi. Matar da ta goya ni tana ba ni haƙuri don ta zo inda nake. Kuma a karon farko a rayuwata ta kira ni da sunan da baƙi suke kira na.

Dattijon bai sake tayar da zancen kwaleji ba, ni ma ban sami fuskar tambaya ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata. Na yi ta zarya Bani Harisa duk Juma'a, ta yafe, ta ci gaba da yi mini girki da addu'a. Amma har ta koma gida, har Allah ya karɓi abarsa bayan shekara uku, Ustaz take ce mini, kuma ba ta sake taka ƙofar inda nake aiki ba.

Abin da na koya shi ne, iya bayyana aibi ba shi ne tsira daga gare shi ba. Na yi shekaru ina feɗe matsoratan cikin littafi har wutsiya, ban taɓa leƙa nawa tsoron ba, sai da ya yi magana da bakina. Matsayi ana nema a rasa a sake nema, amma wanda ya ga ka ji kunyarsa sau ɗaya, ko ya yafe maka, ba lalle ne ya sake sakin jiki da kai ba.