Farcen Baba

Duk direban da ke bin hanyar Buza ya san farcen babban yatsan mahaifina na dama. Da shi yake auna tazarar bakin buji, wato fulogin mota. Zai cusa farcen tsakanin ƙarafan nan biyu, ya ɗan lumshe ido, ya ƙwanƙwasa ko ya buɗa, mota kuma ta tashi. Tun da na yi wayo ban ga ya yanke shi ƙasa-ƙasa ba. Ko tuwo da wata irin dabara yake ci.

Da na dawo daga koyon aikin inji a Tawa, na zo da littafin masana'anta da wasu siraran ƙarafa da ake kira kal, kowane da lambar kaurinsa a jiki. Na yi masa bayanin cewa waɗanda suka ƙera injin su suka tsayar da awon. Ya juya kal ɗin, ya ce zai yi daɗin sakace, ya miƙo mini. Na ji haushi ƙwarai, har na yi mako ba na cin abinci a garejinsa.

Wata Juma'a wani baƙon mai yankan farce ya zo. Baba ya miƙa hannu, hankalinsa yana kan gardamar kokawa da maƙwabcinsa. Kafin ya waiwayo, mutumin ya share yatsun goma tas, yana jiran yabo.

Ranar kuwa wani direba ya turo motarsa, cike da buhunan wake na mutanen Sabon Gida, tana tari tana mutuwa. Ya ce shi hannun tsoho kaɗai ya yarda da shi. Baba ya kwance buji, ya kai yatsa, babu abin cusawa. Masu wake sun zagaye shi. Ni kuwa ina gefe ina danne dariya, ina jiran ranata.

Baba ya ce wa direban ya je ya sha shayi, sannan ya ja ni bayan mota, ya karɓi kal ɗin, ya baje ƙarafan a tafinsa. Ya daɗe yana kallon lambobin.

"Wane na na buji?" ya ce a hankali. "Nuna mini tun bai dawo ba. Ni ban shiga lakwal ba balle in karanta lamba, ka sani."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kunya ta kama ni. Na zaro ƙarfen na sa masa a hannu, na koma gefe na tsaya inda zan tare shi daga idon mutane.