Motar Yaya da Mai Saye Na Gaba

A gidanmu akwai wani mutum da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma shi ne yake zaɓa wa yayana komai. Yaya yana kiransa mai saye na gaba. In zai sayi firji, sai ya tsaya ya yi tunanin ko mutumin nan zai so shi ranar da aka tashi sayarwa. Kujerun falonsa sun yi shekara da shekaru cikin ledarsu, in ka zauna su yi ta ƙara, in ka tashi ledar ta biyo zanenka. Kwalin talabijin yana nan a saman wadirof, har da soson da ya zo a ciki. Matarsa ta taɓa ce mini da a ce a kanti ya samo ta, da har yau bai cire mata leda ba.

Ban cika ganin laifinsa ba. Yaya kayan lambu yake sarowa a kasuwar Farin Gada a nan Jos, tumatir da kabeji da karas da dankalin turawa, ya loda a manyan motocinsa su yi Kudu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da tumatir ba ya iya kallon abu bai ga ranar da zai fita daga hannunsa ba. Ni ce autar gidanmu, tela ce ni, shagona yana unguwar Ali Kazaure, kuma aikina kullum shi ne in taya mata zaɓen abin da zai yi musu kyau su da kansu. Shi ya sa ni da mai saye na gaba ba ma ga maciji.

Amma na san Yaya tun kafin mutumin nan ya shigo gidanmu. Muna yara a Nasarawa Gwom, lokacin babanmu yana aikin kuza, akwai wani Bature da yakan wuce ta bakin titi a wata 'yar mota mai ƙofa biyu, gajera, ruwan ɗorawa. Da an ji ƙugin injinta sai Yaya ya bar duk abin da yake yi ya ruga bakin hanya. Daga baya ya tara gwangwanayen madara ya ƙera irinta, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya roƙi ragowar fenti a wurin wani mai fentin ƙofofi ya shafe ta ruwan ɗorawa. Ni yake ba wa zaren in ja, shi yana biye da ni yana yin ƙarar inji da baki. Ba ta daɗe a hannunmu ba aikin Baba ya tsaya, gida ya shiga wani hali, Yaya ya ba ɗan wani mai lambu motar, aka ba shi kwandon tumatir. Da kwandon nan ya fara kasuwa. Na yi kuka har muryata ta dushe, shi kuwa ko a fuska bai nuna ba, kuma tun daga nan ban sake ganin ya riƙe wani abu don yana sonsa kawai ba.

Bara hawan jini ya kwantar da shi a asibiti, muka tsorata ƙwarai. Da ya samu sauƙi ya dawo gida, maimakon ya yi maganar rage gishiri kamar yadda likita ya ce, sai ya sanar da mu zai sayi motar tsere, sabuwa dal, irin wadda sai ka faɗi yadda kake so sannan a haɗa maka a can ƙasar waje. 'Ya'yansa suka yi ta dariya a ɓoye. Mutum ya haura sittin, ga tumbi, ga babbar riga, ina shi ina motar da tsayinta bai kai ƙugu ba? Ni ban yi dariya ba, don na san inda abin ya samo asali. Da ya aiko in zo in taya shi zaɓen kala, rufe shago na yi tun kafin la'asar na tafi.

Na tarar da su uku a falo. Ga Yaya a kan kujerarsa mai leda. Ga dillalin motocin da ya zo daga Abuja, turarensa ya cika ɗakin, yana riƙe da wata babbar waya mai faɗin faranti, motar tana juyawa a kanta a hankali. Ga kuma aminin Yaya, ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya zo Jos tun yana saurayi, ya iya Hausa sarai amma har yau mace da namiji duk "ka" yake ce musu.

"Hajiya, ka zo daidai," in ji shi. "Zauna ka ga abin da Oga yana so ya yi da kansa."

Dillali ya fara da rufi. Akwai mai buɗewa, akwai rufaffe. Na ga idon Yaya ya tsaya a kan mai buɗewar, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "In an zo sayarwa fa?" Dillali ya ce rufaffe ya fi saurin fita. A nan ban yi gardama ba, don duk wanda ya san ruwan Jos da ƙanƙararsa ba zai so ya zauna a mota ba rufi ba. Aka zo kan wata na'ura da ke ɗaga hancin motar in an iso tudun rage gudu. Aminin Yaya ya ce wannan dole ne.

"Oga, in ba ka sa wannan ba, daga gidanka zuwa Farin Gada hancin mota ya ƙare. Ni ba ni da shi a shago, kar ka zo wurina."

Yaya ya dubi dillali, dillali ya ce mai saye ma zai so ta, sannan aka sa.

Sai aka zo kan kujeru masu ɗumi. Wai akwai maɓallin da za ka danna kujera ta ɗumama maka baya. Yaya ya gyara zama. Mutum ne da yake fita kasuwa tun da sanyin safiya, kuma shekarun nan bayansa yana damunsa, har matarsa takan gasa masa da ruwan zafi.

"Wannan fa zai yi daɗi," ya ce a hankali.

"Alhaji, asara ce," in ji dillali. "Wanda zai saya a hannunka daga Legas zai zo ko Abuja. Wa zai nemi ɗumi a Legas? Ba zai ƙara maka komai a kai ba."

Yaya ya gyaɗa kai ya ce a bar shi. Na haɗiye abin da ya taso mini, don ina jiran kala.

Dillali ya shafa yatsa, motar ta koma baƙa, ta koma fara, ta koma ja. Ya sake shafawa da sauri zai wuce, sai ga ta ruwan ɗorawa, sak irin ta Baturen nan. Yaya ya ce, "Tsaya." Ya karɓi wayar da hannu biyu ya kawo ta kusa da fuskarsa. Ni na san abin da yake gani, kuma sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Dillali ya yi gyaran murya. Ya ce kalar tana da kyau a hoto, amma a ƙasar nan ruwan toka ita ce sarauniya, ko yau ka kai ta kasuwa gobe ta tafi. Ruwan ɗorawa kuwa sai ka yi ta jiran mai irin zuciyarka. Ya ƙara da cewa kujeru ma baƙaƙe za a sa, su ne ba sa nuna tsufa.

Yaya ya miƙa masa wayar. "Sa ruwan toka."

A nan haƙurina ya ƙare.

"Yaya, don Allah wane ne wannan mutumin? Da kana kwance a asibiti ya zo duba ka? Ya taɓa kawo maka ko lemo ɗaya? Ka ajiye masa kujeru, ka ajiye masa kwali, yanzu motar ma shi za ka saya wa, kai ka zama direbansa kafin ya iso."

"Auta, kasuwa ba ta san so ba."

"To me ya sa ka kira ni? Ai da shi ka kira ya zaɓa."

Amininsa ya sa baki yana dariya. "Hajiya, ka yi haƙuri. Ni shekara nawa ina faɗa masa. Mashin da ya saya a wurina, ledan sit yana nan har ya sayar."

Ban tsaya jin sauran ba. Na ɗauki mayafina na fita, ko shayin da matarsa ta kawo ban sha ba. Haushi nake ji, amma a ƙarƙashin haushin tsoro ne. Na ga mutumin nan a gadon asibiti, kuma ina gudun kada ya bar duniya bai taɓa mallakar abu ɗaya nasa na kansa ba.

Watanni suka wuce ba mu sake tayar da zancen ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, amma in aka ambaci mota sai in kama wata hira. Ranar nan da hantsi ina tsakiyar yanka wata atamfa ya kira ni, ya ce mota ta iso, in same shi a filin da yake ajiye manyan motocinsa a Farin Gada, kuma in taho da almakashina. Na ɗauka wandonsa ne ya yi tsawo kamar kullum. Na jefa almakashin a jaka na hau Keke mai ƙafa uku.

An yi ruwa da safe, filin duk taɓo da ganyen kabeji. Masu lodi sun bar aikinsu sun yi da'ira, 'yan makaranta masu wucewa suna ɗaga waya. An riga an sauko da ita daga bayan tirela. Ruwan toka ce, kamar yadda aka ce. Tana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma kyan da ba ya motsa zuciya. Na ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake gaida wanda ba a shiri da shi.

Yaya ya buɗe ƙofa. Kujerun biyu suna naɗe cikin farar leda mai kauri, ba ka ganin komai ta ciki.

"Kin zo da almakashin?"

"Na zo da shi."

"Yanke mini wannan."

Na tsaya ina kallonsa. Dillali, wanda ya biyo motar daga Abuja, ya matso da sauri ya ce Alhaji ya bari tukuna, mota da ledarta daban take a kasuwa. Yaya bai ko waiwaye shi ba. Na durƙusa na sa almakashi ta gefe, a hankali don kada in taɓa fata, na ja ledar ta tsage. Kujerar ruwan ɗorawa ce. Ɗayar ma haka, har da jikin ƙofofin.

Ashe washegarin ranar da na yi fushi ya kira dillali ya canja. Waje dai ya bar shi ruwan toka, don halin shekara hamsin ba ya fita dare ɗaya, amma ciki ya ce a yi masa yadda yake so, a kuma mayar da maɓallin ɗumin nan.

"Na gaya masa," in ji dillali yana girgiza kai, "da kujerun nan sayar da ita zai yi wuya."

"Na ji ka tun a lokacin," in ji Yaya.

Shigarsa motar ma sai da aka sha kallo. Ya tattare babbar riga, amininsa ya riƙe masa hula, ya sa ƙafa ɗaya, ya zauna da baya kamar mai shiga rami, masu lodi suna ta yi masa sannu. Na zagaya na shiga ɗaya gefen. Na lura bai cire takalminsa ba, ga taɓo har saman ƙafa, kuma bai nemi kwali ya shimfiɗa ba. Ya danna maɓalli, can sai na ji ɗumi yana ratsa bayana, na kama dariya na kasa dainawa.

Nasarawa Gwom muka nufa, ba wanda ya ce mu je, can dai ya juya kan motar. Motar da aka ce tana tsere da iska, Keke ma sai da ya wuce mu. A kowane tudu sai ya tsaya ya ɗaga mata hanci, na bayanmu suna ta hon. A bakin titin da muke tsayawa muna yara wata mata tana gasa masara, ya sauke gilashi ya sayi biyu, ya miƙo mini ɗaya. Muka zauna a ciki muna ci, yara suna leƙe.

Garin juyawa ya ɗaga wa mai masarar hannu, sai masararsa ta kuɓuce ta faɗi a gefen kujerarsa, ta bar baƙin gawayi a kan fatar nan sabuwa. Na kamo bakin mayafina zan goge da sauri, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, Auta. Ba wanda zai zo dubawa."

Ya ɗauki masararsa ya hure ta, ya ci gaba da ci.